Darbejiya a gona da rumbu: amsoshin tambayoyin manoma

Wani manomin wake daga wajen Dambatta ya ce ya jiƙa ganyen darbejiya ya fesa, washegari ya tarar da ƙwarin suna nan daram. Yana tambaya, ko dai abin labari ne kawai?

Malam, ba labari ba ne, amma ka yi kuskure biyu. Na farko, ƙarfin wannan itace, da wasu ke kira dogonyaro, wasu bedi, wasu maina, ya fi taruwa a cikin ƙwallon 'ya'yansa. Ganye yana da shi, sai dai kaɗan. Na biyu, ka yi gaggawa. Sinadarin da ke ciki, azadiraktin, ba ya kayar da ƙwaro nan take. Yana hana shi cin abinci, ya hana tsutsa saɓa ta girma, ya rage ƙwan da uwa ke yi. Wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura da haka a Sudan a 1959, lokacin da fara ta cinye kusan duk wani kore ta bar darbejiya tsaye. Saboda haka bayan kwana uku ko huɗu, duba sabon tofo ka ga ko ɓarna ta tsaya, kada ka tsaya neman gawar ƙwari.

Ga yadda nake haɗawa. Ka tsinci nunannun 'ya'ya, ka wanke naman, ka shanya a inuwa. Wanda ya yi fumfuna ka zubar. Ka fasa ka fitar da ƙwayar ciki, ka daka rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu, in ba haka ba bakin injin feshinka zai toshe ka yi ta tsaki. Ka narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Feshi da yamma ake yi, domin hasken rana yana lalata sinadarin, kuma a lokacin zuma ta koma amya. A maimaita duk mako, in ruwan sama ya wanke a sake. Haɗin da ya wuce kwana biyu ya tashi aiki.

Zan faɗi gaskiya: idan wake ya yi fure kuma tsutsar kwanso ta riga ta shige ciki, darbejiya kaɗai da wuya ta cece ka. Da wuri ake farawa.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambayi yadda za ta adana wake ba tare da maganin kanti ba.

Hajiya, kin yi tunani. Zuba maganin feshi irin DDVP a cikin wake shi ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, ga kuma cutar da yake yi wa masu ci. Idan waken na iri ne, ki murza shi da man darbejiya, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kilo biyu, har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Man yana kashe ƙwan da ƙwaro ya manna a jikin waken. Na ci kuwa, zai yi ɗaci, don haka na fi ba ki shawarar buhun PICS mai ninki uku, wanda ke da leda a ciki da ke hana iska shiga. Ki busar da waken sosai, ki ɗaure kowace leda daban, rashin iska ya gama da ƙwarin. Tokar murhu da aka tankaɗe ma tana aiki, kamar yadda iyayenmu ke yi, in an zuba da yawa.

Wani mai lambun tumatir ya ce an ba shi shawarar ruwan taba da majimfa.

Taba kam a'a. Nikotin yana shiga jikin mutum ta fata, kuma ganyen taba na iya ɗauko cutar da ke sa ganyen tumatir da tattasai ya yi dabbare-dabbare. Majimfa tana kashe ƙwari, amma ai da ita ake bugar da kifi, don haka kada ta kusanci rafi ko kududdufin kiwo.

Tambaya ta ƙarshe ta zo daga mutane da dama: tunda darbejiya da tazargade magani ne, me zai hana a sha don zazzaɓin cizon sauro?

Gaskiya ne daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka samo atemisinin, sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro, aikin da ya ba masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, kyautar Nobel a 2015. Amma wanda ke cikin ƙwayar asibiti an auna shi, an kuma haɗa shi da wani magani. Jiƙon gida ba ka san yawan abin da ke cikinsa ba, kuma in ya yi kaɗan sai ƙwayar cutar ta lafa ta dawo. A je a yi gwajin jini. Man darbejiya kuma a ɗora shi inda hannun yara ba ya kai, domin an sha samun jarirai da suka kamu da amai da jijjiga bayan an ɗura masu shi. Mai juna biyu ma ta nisance shi.