Tambaya da Amsa: Me ya sa kiɗa mai sanyin gudu yake taɓa zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya turo mini kundin waƙoƙi mai suna Dummy na ƙungiyar mawaƙa ta Portishead. Ba duk Turancin nake ganewa ba, kuma ba kiɗan rawa ba ne, amma in na saka shi da daddare sai in ji kewar abin da ban ma san shi ba. Mene ne sirrin? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika ji da gangan aka gina shi. Kundin ya fito a 1994 daga birnin Biristol na Ingila, ya ci kyautar Mercury a 1995, kuma yana cikin fitattun ayyuka a salon da ake kira dauntempo, wato kiɗan lantarki mai tafiya sannu a hankali.

Fara da gudun. Kiɗan gidan rawa irin wanda Turawa ke kira "house" yana bugu 120 zuwa 130 a minti. Wannan salon kuwa yawanci tsakanin 60 da 100 yake, kusan daidai da bugun zuciyar mutumin da ke zaune yana hutawa. Tun da kiɗan bai ce wa ƙafa ta tashi ba, hankali sai ya koma kunne. Tsakanin bugu da bugu ana samun fili, kuma a filin nan ne kike jin Beth Gibbons, mawaƙiyar ƙungiyar, tana jan numfashi, kina jin muryarta tana rawa a ƙarshen kalma kamar za ta karye. Wannan ba ya bukatar Turanci.

Ki sake sauraron waƙar "Roads". Fiyanon lantarki na Rhodes ne ke buɗe ta shi kaɗai, sautinsa yana ƙaruwa yana raguwa da sauri kamar leɓen mai jin sanyi. Sai ya ja ki tukuna ganga da murya su shigo, gogen Turawa kuma sai can gaba. Da an zuba su duka tun daga farko, da tsigar jikinki ba ta tashi ba lokacin da gogen ya iso. A "Glory Box" kuma bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ne ke aikin: yana gangarowa mataki-mataki, ya koma sama, ya sake gangarowa, kusan duk tsawon waƙar. Tsakure ne, wato guntun sauti da aka ɗauko, daga waƙar "Ike's Rap II" ta mawaƙi Isaac Hayes ta 1971. Kunne yana jin irin wannan gangarowar kamar ajiyar zuciya.

Abu na uku, a ganinmu shi ya fi ƙarfi, shi ne tsufan da aka sa wa sautin. Geoff Barrow da Adrian Utley, makaɗan ƙungiyar, kan kaɗa nasu kiɗan, a buga shi a faifan garmaho, su goge faifan a ƙasa har ya karce, sannan su sake ɗaukar sautin daga gare shi. Ƙaras-ƙaras ɗin da kike ji yana ce wa zuciya wannan abu ya riga ya wuce. Duk wanda ya tashi da kaset da rediyo mai gajeren zango ya san wannan shu'urin.

Tambaya: Abokina ya yaba mini kundin, na saka a waya, ban ji komai ba sai murya da ƙarar karce. Ko kunnena ne? (Daga Maraɗi)

Amsa: Kunnenka lafiya lau, Malam, sifikar waya ce. Nauyin wannan kiɗa yana tsakanin haz 40 da 100 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), ƙaramar sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da shi. Rabin waƙar ka ji. Nemi iyafis mai roba wanda ke toshe kunne sosai; in robar ta yi ƙanƙanta iska na fita, bes ya gudu. Kashe maɓallin ƙara bes, don yana danne murya. Kada ka ƙure ƙara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ga babba. Kundin bai kai awa ɗaya ba, ka ji shi a jere ba tsallake.

Tambaya: Ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio. Na rage gudu zuwa 80, amma abin ya fito a mace, ba daɗi ba motsin rai. Ina na kuskure? (Daga Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, rage gudu yana tona duk abin da saurin kiɗa ke ɓoyewa. Laifi na farko kusan kullum gangar ce: ka bar kwamfuta ta jera kowane bugu daidai kan layi da ƙarfi ɗaya. A gudun 125 ba a lura, a 80 kuwa kamar agogon bango yake. Ja bugun siniya, wato ƙaramar ganga mai kaifin sauti, baya da milisakan 10 zuwa 20 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya), ka bambanta ƙarfin ƙananan bugu, wani ya fi wani. Sannan ka yanke ƙyalƙyalin saman gangar daga haz 8,000 zuwa 10,000 don ta yi duhu.

Amsa-kuwwa ita ce ta biyu, kuma a nan aka fi ɓata aiki. Kada ka ɗora ta a kan layin kowane kayan kiɗa daban-daban. Yi mata layi guda ka riƙa tura murya da fiyano can. Tsawonta sakan 2 ya isa, ka jinkirta shigowarta da milisakan 30 don kalma ta fito sarai kafin kuwwar ta bi ta, ka kuma yanke mata duk abin da ke ƙasa da haz 250. In ka bar ƙasan, sai ya haɗu da bes ya zama taɓo, muryar ta nutse. Tazarar maimaicin sauti kuma lissafi ce: raba 60,000 da gudun. A 80 bugu ɗaya milisakan 750 ne, rabinsa 375. Bes ka bar shi a tsakiya, kada ka baza shi hagu da dama.

Sai murya. Mun san yadda otocun, manhajar daidaita murya, ya zama jiki a situdiyoyinmu, amma a wannan salon in ka ƙure shi ka kashe waƙar, domin ɗan karkacewar murya ita ce abincin. Sassauta shi sosai, kuma kada ka goge numfashi. Mawaƙiya ta tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirfo, ta rera a hankali kamar mai magana da mutum ɗaya a ɗaki. A ƙarshen haɗi kada limita, mai hana ƙara wuce iyaka, ta danne fiye da desibel 2 zuwa 3, in ba haka ba wurin sanyi da wurin zafi su zama ɗaya.

Tsakuren faifan wani yana bukatar izinin masu haƙƙi. Ya fi maka ka ɗauki naka: sa mai gurmi ko mai sarewa ya kaɗa maka na minti biyu, ka zaɓi sakan 6, ka rage gudunsa har sautin ya yi ƙasa ya yi kauri, ka maimaita shi. Ƙarar karce kuma ka ajiye ta desibel 25 zuwa 30 ƙasa da murya. Gwajinta: kashe ta ana cikin waƙa. In sai a lokacin ka lura da tana nan, ta zauna daidai.