Shin gwamnati na da ikon ƙwace gatan kamfani don ya soke ta?

Tambaya: Malam, na ji an ce gwamnan jihar Fulorida ta Amurka ya ƙwace wa kamfanin Disney wani gata da ya daɗe yana ci, saboda kamfanin ya soki wata doka. Ni a ganina wanda ya ba da abu yana da ikon karɓe abinsa. Me ya sa wasu ke cewa an yi zalunci, kuma me kotu ta ce?

Amsa: Malam, tambayarka ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba: ko gatan ya dace tun asali, da kuma dalilin da ya sa aka taɓa shi a lokacin da aka taɓa shi.

A 1967 majalisar dokokin Fulorida ta kafa wata hukuma ta musamman mai suna Reedy Creek a kan fili mai faɗin eka kusan 25,000 kusa da birnin Orlando. A lokacin wurin fadama ne da daji. Aka ba hukumar ikon shimfiɗa tituna, samar da ruwa da lantarki, kafa 'yan kwana-kwana, ba da izinin gini, sa haraji da ciyo bashi. Masu filaye ne ke zaɓen shugabanninta, kuma kusan dukkan filin na Disney ne, inda ya gina wurin shaƙatawarsa na Walt Disney World. Wato kamfanin ke nema wa kansa izinin gini a wurin mutanen da shi ya zaɓa. Amma ba yafe masa haraji aka yi ba, kamar yadda wasu ke zato. Yana biyan harajin kadara ga gundumomin Orange da Osceola, sannan ya ƙara biyan na hukumar. Wanda ya ce wannan iko ya yi wa kamfani ɗaya yawa yana da hujja mai ƙarfi, kuma ni ma ina ganin haka.

Sai dai shekara 55 aka yi, gwamnoni na jam'iyyun biyu suka zo suka tafi, ba wanda ya rushe shi. Ranar 28 ga Maris 2022 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta hana koyar da batutuwan neman jinsi da sauya jinsi ga yara tun daga ajin share fage zuwa aji uku. Shugaban Disney na lokacin, Bob Chapek, ya yi gum da farko, ma'aikatansa suka matsa masa lamba, daga baya kamfanin ya fito ya ce zai yi aiki don a soke dokar. Ba a cika wata guda ba, ranar 22 ga Afrilu, gwamnan ya sa hannu a dokar rushe hukumar. Kuma shi da wasu 'yan majalisa ba su ɓoye ba cewa bakin da kamfanin ya sa ne ya jawo.

Daga nan lissafi ya tare hanya. Ana bin hukumar bashin kusan dala biliyan ɗaya, in an rushe ta kuwa bashin zai faɗa kan masu biyan haraji na gundumomin biyu. Don haka a Fabrairun 2023 aka sauya dabara: aka bar hukumar, aka canza mata suna, aka ba gwamna ikon naɗa shugabanninta biyar. Disney ma bai zauna haka ba. Kafin sababbin su kama aiki, tsofaffin shugabannin suka ƙulla yarjejeniyar da ta bar wa kamfanin ragamar gine-gine, har da wani sharaɗi da zai ci gaba da aiki sai shekara 21 bayan rasuwar na ƙarshe cikin zuriyar Sarki Charles na Uku na Ingila da ke raye a ranar sa hannu. Wannan ma ban ga tsabtarsa ba, ɗaure hannun magaji ne tun bai iso ba. Sababbin suka soke yarjejeniyar ranar 26 ga Afrilu 2023, a ranar kuma Disney ya garzaya kotun tarayya.

Yanzu ga maganarka cewa mai bayarwa na iya karɓewa. A dokar Amurka ba haka abin yake kai tsaye ba. Gyaran farko na kundin tsarin mulkinsu ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma tun 1978 Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta shafi maganar kamfanoni kan al'amuran jama'a. A 1972, a shari'ar wani malamin kwaleji a Texas da aka ƙi sabunta wa kwantiragi bayan ya soki hukumar makarantar, kotun ta ce ko da mutum ba shi da haƙƙin wata alfarma, gwamnati ba za ta hana shi ita don hukunta shi kan maganarsa ba. A 1996 ta faɗaɗa wannan zuwa 'yan kwangila. Wani mai kamfanin janye motoci a garin Northlake na jihar Illinois ya ƙi ba da gudummawa ga yaƙin neman zaɓen magajin gari, ya goyi bayan abokin takararsa, sai aka cire kamfaninsa daga jerin waɗanda 'yan sanda ke kira. Kotu ta ce yana da damar ƙara. Babu wanda ya tilasta wa garin ba shi aiki, amma ba a yarda a kore shi don ya ƙi yin mubaya'a ba.

To me ya sa Disney bai yi nasara ba? Ranar 31 ga Janairu 2024 alƙali Allen Winsor ya yi watsi da ƙarar. Babban dalilinsa shi ne, abin da aka yi doka ce ta majalisa, kuma rubutun dokar bai ambaci Disney ko hana magana ba. Bisa hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta yankin na 2015, idan doka ba ta saɓa wa tsarin mulki a lafazinta ba, kotu ba za ta tono abin da ke zukatan waɗanda suka yi ta ba. Nan ne giɓin yake. Jami'i guda da ya yi ramuwar gayya ana iya kama shi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a Mayun 2024 lokacin da alƙalanta baki ɗaya suka bar ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta ci gaba da ƙarar wata jami'ar New York da ake zargi da tursasa wa kamfanonin inshora su guje ta. Majalisa kuwa, in ta iya tsara kalmominta, da wuya a kama ta.

Na san da yawa cikin masu karatu sun fi karkata ga dokar makarantun fiye da matsayin Disney, kuma wannan haƙƙinsu ne. Amma ina roƙonka ka lura cewa a shari'ar NRA gwamnatin masu sassaucin ra'ayi ake zargi, a ta Disney kuma ta masu ra'ayin riƙau. Sanda ɗaya ce, hannu ne kawai ke canzawa. Abin da ya fi damuna ba Disney ba ne, mai lauyoyi da dukiyar da zai iya soke aikin ginin ofisoshi na dala biliyan ɗaya a unguwar Lake Nona ta Orlando kamar yadda ya yi a Mayun 2023. Ƙaramin ɗan kasuwa da rayuwarsa ta rataya a kan lasisi ɗaya ko kwangila ɗaya, shi ne zai ga abin da ya faru ya ja bakinsa ya yi shiru. Da an gyara gatan Reedy Creek ta hanyar nazari da sauraron jama'a, ba tare da an ɗaura shi a kan maganar kamfanin ba, da ni ne na farkon goyon baya.

Ɓangarorin biyu sun sasanta a Maris 2024. A Yuni suka amince da sabuwar yarjejeniya ta shekara 15 wadda Disney zai iya zuba jarin da ya kai dala biliyan 17, kamfanin kuma ya janye ɗaukaka ƙararsa. Gwamna na ci gaba da naɗa shugabannin hukumar, kuma kotunan sama ba su samu damar duba hukuncin Winsor ba.