Kumburin cikin ido da ƙwayoyin da ke tsare hasken koniya

Tambaya: Likita, an ce ina da kumburi a cikin ido, kuma kullum da safe ina gani dishi-dishi kamar cikin hazo, sai rana ta ɗaga ya washe. Me ke kawo haka? (Wata malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: Malama, koniya ita ce fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, kaurinta kusan rabin milimita ne. A bayanta ta ciki akwai shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta masu kusurwa shida, jere kamar saƙar zuma, waɗanda aikinsu shi ne kwashe ruwan da ke tsattsafowa cikin koniya su mayar da shi cikin ido. Idan kumburi ya tashi, fararen ƙwayoyin jini kan taru su manne a jikin wannan shimfiɗa, har mukan hango su da na'urar duba ido kamar ɗigon kitse, sai aikin kwashe ruwan ya yi rauni, koniya ta jiƙe ta dushe. Da dare ido a rufe yake, iska ba ta busar da shi, shi ya sa hazon ya fi yawa da asuba.

Tambaya: Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu, wasu suna tsirowa? Sau uku ke nan ciwon yana dawo mini. (Wani tela daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ba sa tsirowa, kuma nan ne damuwata take game da kai. Baligi yana da kimanin ƙwayoyi 2,500 a kowane murabba'in milimita, suna kuma raguwa sannu a hankali da shekaru ko da babu ciwo. Idan ɗaya ta mutu, maƙwabtanta ne ke miƙewa su toshe gurbinta. Kowane zagayen kumburi yana iya cin nasa kaso, idan kuwa adadin ya sauka zuwa wajen 500, koniya kan kumbura ta ƙi washewa, sai dai a yi dashe. Ciwon da ya dawo sau uku yana bukatar a binciki tushensa, domin ƙwayar cutar hafis (mai fitar da ƙuraje a leɓe), tarin fuka da tunjere duk suna haddasa shi. Ka nemi a ƙirga maka ƙwayoyin. Akwai na'urar da ke ɗaukar hotonsu ba tare da zafi ba.

Tambaya: Idon ɗana ya yi ja, na sayo maganin ɗigawa a kemis. Akwai laifi? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, ba kowane jan ido ne afolo ba. Idan maganin yana da sitiroyid, wato wani sinadari mai rage kumburi, yana iya tayar da hawan jinin ido, yana iya kuma faɗaɗa gyambon koniya ya bar hakiya. In yaron yana gudun haske ko ganinsa ya ragu, ki kai shi asibitin ido yau, ki tafi da kwalbar maganin a gani.