Amsa ga mai son zama cikin jirgin ruwa a Landan

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Landan, ka ga hotunan mutanen da ke zaune cikin tsofaffin jirage a Kogin Temz, kana tambaya ko hakan zai rage maka kuɗin haya. A shekararka ta farko, a'a.

Jiragen da ka gani kusa da gadar Tower Bridge, a Wapping da kuma tsallake a Bermondsey, na dako ne tun asali. Wasu na Ingila ne masu tafiya da ƙarfin iska, waɗanda mutum biyu kacal ke tuƙawa ɗauke da bulo, ciyawa ko hatsi. Wasu na ƙarfe ne daga Holan, da yawansu sun kai shekara 100. Mazauna Hermitage, wata matsayar jirage da ke Wapping, ƙungiyar gama-kai ce, su suke kula da matsayarsu. Wurin ɗaure jirgi shi ne abin wuya, domin guraben kaɗan ne, kuma sayen jirgi bai ba ka gurbi ba.

Temz ba kamar Kogin Kaduna ba ne. Ruwan teku na shigowa ya janye sau biyu a rana, tsakanin cikarsa da janyewarsa a tsakiyar Landan yakan kusan mita 7. A wasu matsayun jirgi kan zauna a kan taɓo idan ruwa ya janye, shi ya sa masu shimfiɗaɗɗen gindi suka dace da wurin. Igiyar da aka ɗaure tamau a bango ko ta tsinke ko ta karkatar da jirgin.

Tsatsa ce ke cinye kuɗi. Kafin saye sai an fito da jirgin daga ruwa an auna kaurin ƙarfen gindinsa, masu inshora galibi ba sa son ƙasa da milimita 4. Duk shekara biyu zuwa uku akan sake shafe gindin da baƙin fenti, a duba dunƙulen ƙarfen da ake liƙawa don ruwa ya ci su maimakon jikin jirgin. Sa'o'i 20 da bizar ɗalibi ta yarda ka yi aiki a mako ba za su ɗauki wannan ba.

Sai hunturu. Numfashi da tururin girki na taruwa a jikin ƙarfe mai sanyi, su zubo, katifa ta yi fumfuna. Mutum ya ji sanyi ya toshe kafofin iska, ga murhun kwal na ci, nan ne iskar guba marar wari ke kashe mutane cikin barci. Don Allah kada ka kwana a jirgin da ba shi da na'urar ƙararrawar wannan iska.

Idan an yi maka tayin hayar ɗaki a jirgi, tambayi ko matsayar na da izinin zama, ko za ka iya karɓar wasiƙa a adireshin saboda banki da likita, wa ke zuƙe tankin ban-ɗaki, kuma lita nawa tankin ruwa ke ci, don wanka da alwala duk daga nan ne. Kada ka tura ko sisi kafin ka taka jirgin da ƙafarka.

Kama ɗakin makaranta tukuna. A watan Janairu ka je Wapping da safe, lokacin da ruwa ya janye, ka yi hira da mazauna. Babban masallacin Whitechapel ma tafiyar ƙafa ce daga can.