Tambaya da Amsa: Jirgi ko Mota a Hutun Turkiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai iyalina hutun kwana goma a ƙasar Turkiyya tare da mahaifiyata, wadda ta manyanta kuma take fama da ciwon gwiwa. Muna son ganin Istanbul da yankin Kafadokiya da birnin Konya. Shin mu bi ta mota domin mu rage kashe kuɗi, ko kuwa mu hau jirgi? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Shawarata ita ce ku raba tafiyar gida biyu, ku yi doguwar a jirgi, gajeriyar kuma a mota.

Tsakanin Istanbul da Kafadokiya akwai fiye da kilomita 700, wato ya zarce nisan Sakkwato zuwa Kano, kuma motar safa kan shafe sa'a goma ko fiye kafin ta isa. Gaskiya ne safa-safan ƙasar suna da tsabta, ana raba shayi a ciki, ana kuma yada zango a wuraren da ke da masallaci da banɗaki, amma dattijuwa mai ciwon gwiwa ba za ta jure kwana a zaune ba, musamman bayan ta riga ta taso daga filin jirgi na Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga can kuma zuwa Istanbul. Jirgi zuwa Kayseri ko Nevshehir bai kai sa'a biyu ba, daga nan mota ta ƙarasa da ku garin Goreme da ke cikin Kafadokiya. Kuɗin da za ku rage a safa bai kai darajar lafiyarta ba.

Sai dai ka kula da tikitin sosai, domin Istanbul tana da filayen jirgi biyu: babban da aka buɗe a 2018 a ɓangaren Turai, da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma akwai tazara da cunkoso a tsakaninsu. Haka nan, nauyin kayan da ake yarda da shi a jiragen cikin gida yawanci bai kai na jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe ba, saboda haka ku bar sayayyar tsaraba sai kun dawo Istanbul. Ka kuma nemi keken guragu tun lokacin yankan tikiti.

Daga Kafadokiya zuwa Konya kuwa, nan ne mota ta fi dacewa, domin tafiyar kamar sa'a uku ce a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ku ɗauki shatar mota da direbanta, don ku tsaya duk lokacin da Hajiya ta buƙaci miƙe ƙafa. Bayan kun wuce Aksaray ku tsaya a Sultanhani, masaukin fatake da aka gina a 1229, inda yara za su ga ƙatuwar ƙofar dutse mai zane da ƙaramin masallaci a tsakiyar farfajiya. A Konya za ku ziyarci hubbaren Maulana Jalaluddin Rumi, shahararren malamin Sufanci kuma mawaƙi, wanda ya rasu a 1273.

Wajen komawa Istanbul akwai jirgin sama, akwai kuma jirgin ƙasa mai sauri. Ko wanne kuka zaɓa, ku isa kwana ɗaya kafin ranar tashinku zuwa Abuja, musamman idan hunturu ne, lokacin da dusar ƙanƙara kan jinkirta sufuri a wannan yanki.