Yaya zan sa bes ɗina ya riƙa motsi da kiɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a wani ƙaramin sitidiyo da muke da shi a Daura, yawanci na biki. A kiɗan 'yan waje ina jin bes, wato sautin ƙasa mai kauri, yana ɗagawa yana sauka yana dukan ƙirji, amma nawa sai ya miƙe ɗoɗar babu motsi. In na ƙara masa ƙarfi ya danne kik, wato dukan babbar ganga, a waya kuma ko jin sa ba a yi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar ƙara masa ƙarfi tukuna, ba nan gizo ke saƙa ba. Wannan ɗagawa da saukar da kake ji, wani abu ne ke murɗa sautin yana sakinsa a kan ƙa'idar kiɗa, sunansa LFO. Igiya ce mai tafiyar hawainiya, ƙasa da 20 Hz, wato kaɗawa 20 a daƙiƙa, kunne ba ya jin ta, aikinta kawai ta riƙa juya maka wani maɓalli gaba da baya. Ka duba makaɗin kalangu: hannu ɗaya na duka, ɗayan na matse tsarkiya yana saki, shi ya sa gangar ke magana. LFO ne wannan hannu na biyu, sai dai shi yawanci filta yake matsewa, ya toshe kaifin sautin ya buɗe shi.

Amma kafin ka taɓa LFO, raba bes ɗinka gida biyu. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan.

Gida na farko shi ne na ƙasa, wanda ake ji a jiki. Igiyar sayin, wato sauti mai santsi marar kaifi, guda ɗaya tak, 3xOsc, kayan ƙera sauti na cikin FL Studio, ma ya isa, tsakanin 40 zuwa 60 Hz. Maɓallin E na ƙasa yana kan 41 Hz, na A yana kan 55. Ka bar shi a mono, wato iri ɗaya a sifikar hagu da dama, kada ka sa masa filta mai motsi, kada ka sa amo. In ka ɗora LFO a kan bes guda ɗaya da ke ɗauke da komai, nauyin kiɗan zai riƙa zuwa yana ɓacewa, manyan sifikun DJ kuwa ba sa rufa wa wannan asiri a filin biki.

Gida na biyu shi ne mai rawa. A nan ina ba ka shawarar Vital, wani kayan ƙera sauti wanda ya fito a 2020, yana da sigar kyauta kuma yana yin kusan duk abin da ake nema a takwaransa Serum. In kwamfutarka ta tsufa ta kasa ɗaukarsa, 3xOsc da Fruity Love Philter za su yi aikin. Ɗauki igiya biyu masu haƙorin zarto, ka ɗaga su oktab ɗaya sama da na ƙasan, wato ninki biyu na Hz ɗinsa, ka karkatar da ɗaya kaɗan daga 'yar'uwarta. In ɗaya na 110 Hz ɗaya na 112, za ka ji suna haɗuwa suna rabuwa sau 2 a daƙiƙa, tun ba ka sa LFO ba. Wannan shi ne bes ɗin da ake kira Reese, daga sunan da Kevin Saunderson na Detroit ya yi aiki da shi a 1988. Yana da kauri, amma ka sani wannan kaɗawar ba ta bin saurin kiɗanka, tana ƙaruwa ne in ka hau maɓallan sama. Don haka kaɗan za ka sa, don ɗanɗano. Yanke duk abin da ke ƙasa da 100 zuwa 120 Hz a wannan gidan don kada ya shiga gonar na farko, sannan ka sa filta mai toshe sama, ka jawo LFO ka ajiye a kan katof ɗinta, wato iyakar da take fara toshewa, ta riƙa yawo tsakanin misalin 200 da 1,200 Hz. Rezonans kaɗan, wato ƙarin kaifi a daidai katof ɗin, yana sa shi yin "wau wau". In ya yi yawa sai ya koma fito.

Yanzu lokaci, wanda a nan yawancin yaranmu ke ɓata aikin. Kada ka bar LFO yana gudu da kansa, ɗaure shi da saurin waƙar. Lissafin ba wuya: raba 60,000 da BPM, wato yawan bugu a minti ɗaya, ka samu tsawon bugu ɗaya a milisakan. A kan 112, irin saurin amapiano, bugu ɗaya 536 ne, rabinsa, wato 1/8, 268. Mutanen waje sun fi zama a kan 1/4 da 1/8 da 1/16 saboda kiɗansu bibbiyu yake tafiya. Namu kuwa, kiɗan kalangu da na ƙwarya da yawancin na biki, uku-uku yake tafiya. In ka ɗora 1/8 a kan irin wannan kiɗan za ka ji bes na jan wani gefe, ganga na jan wani, 'yan rawa su rasa wanda za su bi. Zaɓi 1/8T, wanda ke raba bugu gida uku, misalin 179 a kan 112, nan take za ka ji ya zauna cikin kiɗan. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya bambanta aikinka da na masu kwafo sautin da aka riga aka shirya. Ka kuma saita LFO ya fara daga farko duk lokacin da aka danna maɓalli, in ba haka ba kowane bugu zai fito da fuskarsa daban. In an yi zagaye uku da sauri ɗaya, a na huɗu ka ninka shi ko ka rage, kunne na gajiya da abu ɗaya.

Batun danne kik kuwa, su biyun suna zaune ne a wuri guda, wajen 50 zuwa 60 Hz, wani lokaci ma igiyoyinsu kan kashe juna. Maganinsa saidcen: a mikisa ka tura kik zuwa layin bes a matsayin saidcen, ka ɗora Fruity Limiter a kan bes, ka shiga ɓangaren kwamfuresa ka zaɓi kik ɗin. Duk sanda kik ya sauka bes zai duƙa. Duƙawar 3 zuwa 6 dB, ma'aunin ƙarfin sauti, ta isa, ya duƙa da sauri ya ɗago cikin milisakan 100 zuwa 150, kafin bugu na gaba. Wannan duƙawar ma kanta motsi ce, sau da yawa ita kake ji a kiɗan da ka ambata.

Waya ba ta iya fitar da 55 Hz, sifikarta ta yi ƙanƙanta. Abin da take iyawa shi ne 'ya'yan sautin da ke sama, wato ninke-ninken 55 ɗin: 165, 220, 275 da sauransu, kunne kuma in ya ji su yakan cike uwar da kansa. Gida na biyu na ba ka wasu, sauran ka samo su ta ɗan ƙona sautin da Fruity Waveshaper ko Fruity Fast Dist, kaɗan dai, har ka fara jin sa a waya sai ka tsaya. Logdiram, wato bes ɗin amapiano mai kama da ganga, da ake yi da Fruity DX10 yana fitowa a kowace waya ne saboda yana da duka mai kaifi a farkonsa da 'ya'yan sauti masu yawa.

Abu na ƙarshe, ɗakinka. Tsawon igiyar 55 Hz ya haura mita 6, mafi yawan sitidiyonmu a Katsina da Daura kuwa shago ne da bai kai haka ba. Shi ya sa a kusurwa bes ke cika kunne, a tsakiyar ɗaki ya ɓace, kai kuma ka yi ta ƙari da ragi a banza. Soson da ake liƙawa a bango ba ya kama sautin ƙasa, sama kawai yake sha. Ka riƙa duba Wave Candy ko SPAN na Voxengo, wanda kyauta ne, masu nuna maka hoton sauti, don idonka ya taimaki kunnenka, kuma ka sassauta hedfon, don kunnen nan shi ne jarinka. Kafin ka miƙa wa mai biki, saurara a waya, a cikin mota ko Keke, sannan ka roƙi DJ ya ɗora maka a manyan sifikunsa kafin mutane su taru, ka tsaya daga nesa ka ji ko kik yana fitowa daban da bes.