Tsohon gidanmu na Garki: babban esi zai yi mana?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mun gaji gidan mahaifinmu a Garki, ginin shekarun 1980, ɗakuna huɗu da falo biyu. Esin taga da ke ciki sun tsufa, sai ƙara babu sanyi, ga zafin Maris da Afrilu. An ba mu shawarar mu sa babban esi guda ɗaya mai raba sanyi ko'ina ta bututu. Wanne za mu saya? Daga wata mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Kada ki fara da kasuwa. Ki fara sa a kafa tsani a leƙa cikin silin.

Babban esi yana buƙatar manyan bututu, wasu na kai sanyi, wasu na dawo da iska, kuma gidajen wancan zamani ba a gina su da wannan a rai ba. In rufin kwano ne mai fili a sama, akwai hanya, sai dai a naɗe bututun da abin tare zafi sosai, domin da azahar cikin silin tamkar tanda yake. In kuwa rufin na kankare ne, sai a sauko da silin, ɗaki ya gajarce. Akwai kuma tsohon silin mai asbesto da aka yi yayinsa lokacin. Kada ki bari yaro ya hau shi da zarto: ƙurarsa tana lalata huhu, sai a hannun waɗanda suka san aikin.

Sai wayar wuta. Na taɓa buɗe akwatin wuta a wani gida irin naku, na tarar da fis ɗin da aka ɗaure da zaren waya, robar jikin wayoyin tana farfashewa a hannu kamar busasshen ganye. Irin wannan ba zai ɗauki babban inji ba. Esi mai tan 5, wato BTU 60,000 a ma'aunin ƙarfin sanyaya ɗaki, yakan ci kilowat 5 ko fiye, kuma manya irinsa galibi wuta mai layi uku suke so. Ki lissafa: awa 8 a rana yunit 40 ke nan, kuma tun Afrilun 2024 'yan rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, suna biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Dubu takwas da ɗoriya kullum, kina sanyaya har ɗakin baƙin da ba kowa a ciki. Ban ma zo maganar janareta ba.

Shi ya sa a gidan gado irin wannan na fi karkata ga wanda injinsa ɗaya ne a waje, kowane ɗaki da nasa kan esin mai hura sanyi, siririn bututun tagulla ne kawai ke ratsa bango. Ba a fasa gini sosai, kuma ɗakin da ake ciki kaɗai ake kunnawa. Ki nemi mai inbata, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, domin yana tashi a hankali, ba ya girgiza janareta.

Wajen girma, kada dillali ya auna miki da ido. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kusan BTU 12,000 ne, amma ɗakin da tagarsa ke kallon yamma ba ɗaya yake da na inuwa ba. Wanda ya yi wa ɗaki yawa yakan kama ya saki, da damina sai ki ji sanyi amma jiki na danƙo, saboda bai zauna ya tsotse laima ba. Tsofaffin tagogin luba masu jerin gilasai kuma a gyara su tukuna, in ba haka ba titi kike sanyayawa.

Ki duba gas ɗin a jikin injin. R22 ana kan daina shi a duniya, ki tsaya kan R32 ko R410A ko da an rage miki kuɗin wancan. Ki kuma tambayi mai haɗawa inda ruwan esin zai riƙa zuba, da yadda za a ciro matatar iska a wanke idan ƙurar hunturu ta sauka, ya nuna miki da hannunsa kafin ki biya cikon kuɗi.